Sakan Takwas na Muryar Inna

Woolwich, Landan
9 ga Satumba, 1996

Zuwa ga Yaya Karimatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta zumunci da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Malam da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya ƙafar? Hajiya Katumi, wadda za ta kawo miki wannan saƙo hannu da hannu, ta ce zuwanta Jos na bara ta tarar da ke kina dogara sanda, kina kuma rantsuwa lafiyarki ƙalau. Halinki ke nan tun muna yara. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu nan alhamdu lillahi. Baban yara yana nan yana fama da aikinsa na ɗakin magani a Marylebone, sukarin ya ɗan lafa tun da na raba shi da shayi mai cokali uku. 'Yarki ta fari da ke aure a Barking ta sauka lafiya watan jiya, an samu mace, an yi wa Inna takwara, muna kiranta Ummi. Council ma, hukumar unguwa masu gidan da muke haya, sun gyara mana tagar nan da nake ta yi miki ƙorafi a kanta, bayan shekara biyu cur.

Yaya, na san abin da za ki fara lalube a cikin ƙunshin nan, kuma gara ki ji daga bakina kafin ki sa shi a rikoda. Sau uku kina aiko mini a kan kaset ɗin Inna. A takardarki ta ƙarshe kin ce kin wayi gari kina neman muryarta a kanki kin rasa, kina tuna kalamanta amma sautin ya ɓace miki. Na karanta wurin nan na yi kuka, na ce gobe zan kai a kwafa miki. Goben nan ce ban cika ba har abin da zan ba ki labari ya faru, kuma tun da nake ban taɓa jin ƙyamar wani abu kamar wannan ba.

Ke kina wurin ranar da aka ɗauke shi, daminar 1983, ni labari kika ba ni. Rwang mai gyaran rediyo ya kawo rikodarsa tsakar gida, aka nemi sabon kaset aka rasa, sai aka ɗauko na Yaya Abdulƙadir na waƙoƙin finafinan Indiya. Rwang ya yagi takarda ya cusa a ramuka biyun nan na samansa don ya karɓi ɗauka, kamar yadda kowa ke yi a gida. Inna ta cika gefe guda da gaisuwa da nasiha. A ɗaya gefen ta yi mini begen Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wanda ta ɗora a kan karin wata waƙar Indiya da take jiyowa daga ɗakin Yaya. Tana tsaka da shi akuya ta faɗa wa garin da aka shanya, ta katse ta ƙwala miki kira, ana ta dariya, sannan ta ci gaba. Bayan shekara biyu Allah ya karɓi abinsa, kaset ɗin nan ya zama shi kaɗai ne muryarta a duniya. Na adana shi a durowa ƙarƙashin atamfofina, cikin gidansa na asali mai hoton Ba'indiya da jan ɗigo a goshi, takardar Rwang kuma tana nan a ramukan.

To, ga ɗanki Maharazu, autana. Shekararsa ashirin da biyu, ya gama karatun lantarki, amma ba shi da zance sai kiɗan da suke kira hip hop, na baƙaƙen Amurka. Ba rerawa ake yi ba, magana ce ake jerawa da sauri a kan ganga kamar 'yan gambara, rabi kirari rabi ashar. Yana da aboki Nilesh, ɗan wata Ba'indiya mai sayar da yadi a kasuwarmu, tare suka tashi tun firamare. In kin gan su sai kin riƙe baki. Shi Maharazu ya cika ɗakinsa da hotunan 'yan ƙasar Sin masu faɗan kunfu, har ya raɗa wa kansa wani suna irin nasu da shi kansa ba ya iya faɗa daidai. Shi kuma Nilesh ga wando kamar buhu, ga hula a juye, yana tauna Turanci irin na Amurka, ƙasar da bai taɓa takawa ba. Ban taɓa hana su ba. Na ce ƙuruciya ce, kuma mu ma a unguwarmu ta Gangare wa ya kai mu son Indiya? Suna da wata na'ura da ke yanko guntun sauti daga tsohon faifai ta riƙa maimaita shi, sai su ɗora ganga da surutunsu a kai. Bana kuwa ba abin da ake yayi a garin nan sai kayan Indiya. Turawa mata suna liƙa ɗigo a goshi suna zana lalle, kuma duk waƙar da aka ɗiga wa sautin Indiya sai ta karɓu.

Ranar Asabar, yau kwana tara, da rana tsaka ina kasuwar Woolwich ina zaɓen tattasai, sai na ji Inna. Wallahi Yaya ba gizo kunnena ya yi mini ba. Daga rumfar wani mai sayar da faya-fayai muryarta take fitowa, cikin lasifika mai girman akwati. Rabin baiti ne na begen nan, ta ɗauko shi ta kai tsakiya sai a datse, a mayar da ita farko, a sake datsewa, kamar ana shaƙe ta. A ƙarƙashinta ganga tana dukan ƙirji, a samanta kuma muryar ɗana tana zuba Turanci, da wasu kalmomi da ba zan rubuta miki ba. Wasu 'yan mata biyu suna tsaye suna karkaɗa jiki, kowace da gwangwanin giya a hannu. Tattasan ya watse a ƙasa, ban ma san na sake shi ba.

Na ce wa mai rumfar ya miƙo mini kwalin faifan. A jiki an zana abin bautar Indiyawa, macen nan mai hannuwa da yawa, an sa mata takalmin ƙwallo, kowane hannu riƙe da faifai. A gefe ga rubutun Sin, wanda daga baya na ji daga jikin ledar wani gidan abinci aka kwafo shi don ado. A baya, da ƙananan haruffa, an rubuta wai muryar wata tsohuwa ce da ba a san ko wace ce ba, daga wani ƙauye a Indiya. Inna ke nan fa, wadda ko Kaduna sau ɗaya ta taɓa zuwa, wadda ba ta fara begen nan sai da alwala.

Na koma gida na tarar da Maharazu yana cin tuwon da na tuƙa da hannuna. Na ajiye kwalin a gabansa. Ya ce, da Turanci kamar kullum, tun watan azumi yana neman fasfo ɗinsa a durowata ya ga kaset mai hoton Indiya, ya ɗauka tsofaffin waƙoƙin fim ne, ya zare shi ya bar mini gidansa a wurin, shi ya sa ban lura ba. Wai gefen waƙar ya fara sawa. Har nan zan iya yafewa. Sai na tambaye shi ko har yau bai san muryar wace ce ba, ya sunkuyar da kai. Ashe tun ranar farko ya juya kaset ɗin ya ji ana gaishe shi da sunansa, ana tambaya izunsa nawa. Ya ce ya gaya wa Baturen kamfanin da ya buga musu faifan cewa kakarsa ce daga Nijeriya, shi kuma ya ce a bar wannan zancen, bana Indiya ake saye, tsohuwar Afirka sai wata shekara. Ɗana ya ce to. Wannan ne na kasa yafewa, Yaya. Da bai sani ba, da na ce ni ce ban koya masa Hausa yadda ya kamata ba. Amma ya san kakarsa ce, ya tsaya aka canza mata ƙasa da addini a gabansa don a ji sunansa a rediyo.

Na ce ya kawo mini kaset ɗina yanzu-yanzu. Ya daɗe a ɗaki kafin ya fito da shi. Na sa a rikoda, sai na ji ganga. Na juya ɗaya gefen, ganga. Na kai gaba, na dawo baya, babu Inna ko'ina. Ashe rikodarsu mai baki biyu ce, mai juya kaset da kanta. Wata rana za su kwafi waƙoƙinsu su kai wa kamfanin, an manta kaset ɗin Inna a bakin da ke ɗauka, Nilesh ya danna suka fita cin abinci. Da kaset ɗin yana nan yadda ya fito daga kanti, da maɓallin ya ƙi dannuwa. Amma namu yana da takardar Rwang a ramukansa. Gaisuwarta, da addu'ar da ta bi kowannenmu da ita, da faɗan da ta yi mini kada in bar yara su manta gida, duk sun tafi. Abin da ya rage shi ne guntun da na'urarsu ta yanka, sakan takwas.

Ranar Litinin na je rumfar uwar Nilesh da niyyar in wanke ta soso da sabulu. Na tarar ta riga ni ganin kwalin, idanunta sun kumbura. Ta ce abin da aka sa wa takalmin nan, ita kowace safiya sai ta cire nata takalmin kafin ta tsaya a gabansa, uwarta ma haka take yi. Ni da ita hanyarmu ba ɗaya ba ce, amma na gane irin wannan kukan. Na rera mata karin a hankali, ta ce ta san shi, na wani tsohon fim ne da ta gani tana budurwa a Kampala, don ita ma ashe a Afirka aka haife ta. Sai ta rufe rumfa muka hau jirgin ƙasa tare zuwa ofishin kamfanin.

Wani saurayin Bature muka samu, ya sa doguwar rigar Indiya har gwiwa, ya haɗa tafukansa ya gaishe mu irin gaisuwarsu, har da ni da mayafina. Ya ce shi girmama al'adu yake yi, kiɗa ba shi da shinge, kowa aro yake wurin kowa. Da na ce muryar mahaifiyata ce, sai ya yi murmushi ya ce ai ita ma karin ba nata ba ne, daga fim ta ɗauka. Yaya, saura kaɗan in tofa masa yawu. Na ce masa haka ne, ta ara, amma duk Gangare ba wanda bai san begen Inna mai karin Indiya ba, haka ake kiransa, ita ma haka take kiransa. Ba ta taɓa cewa ita ta ƙago ba, ba ta kuma ɗauki abin wani ta kai shi inda mai shi zai ji kunya ba. Ya ce faifan ya riga ya bazu, ba a iya janye shi, amma in an sake bugawa za a sa sunanta, ya miƙo mini biro da takarda. Ni da ban taɓa kama sunan Inna da bakina ba tun da aka haife ni, na tsaya ina kallon takardar. Na tuna inda za a sa sunan, a bayan wancan zane, a jikin wancan ashar. Na ajiye masa bironsa muka fito.

Ba na so in ɗora wa Maharazu duka, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shekara goma sha uku kaset ɗin yana hannuna. Sau uku kika roƙa ina cewa gidan waya ba amana, alhali gaskiyar ita ce rowa nake yi, ina ganin ni aka yi wa, nawa ne ni kaɗai. Da na kwafa miki tun farko, da yau ni ce zan aiko ina roƙonki. Cire 'yar takarda daga rami kuwa ko aiki ba za a kira shi ba, amma ban taɓa tunawa ba. Ki yafe mini, Yaya. Shi kuma Maharazu tun ranar ban amsa gaisuwarsa da baki ba, sai da ka. Babansa yana ta ce mini hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na sani, ba zan yanke ba, amma har yanzu in ya shigo falo sai in ji tuwo ya fita raina.

Shekaranjiya na idar da sallar la'asar na ga ya ajiye wani kaset a gefen darduma. Ya cire gangar, ya cire muryarsa, ya bar Inna ita kaɗai, ya jera sakan takwas ɗin nan bi da bi har suka cika gefe guda. A jiki ya rubuta Kaka, da hannunsa. Shi ne wanda ke cikin ƙunshin nan. Na kwafi nawa, na kuma sa wuƙa na ɓalle marfin ramukan kowanne da kaina, don kada a sake ɗauka a kansu.

Ki gaishe mini da Malam da kyau, da Yaya Abdulƙadir da iyalinsa, da Gwaggo Awawu, da Safura da maigidanta, da duk 'yan gida manya da yara. In Rwang yana raye ki gaishe shi, amma kada ki ba shi labarin takardarsa, alheri ya yi mana. Baban yara yana gaishe ku, mai jego ma haka.

In za ki saurara, ki zauna tukuna. Za ki ji ta ɗauko baitin, ta kai tsakiya, sai ta tsaya, daidai inda akuyar nan ta shigo. Yaran sun bar abin da ya biyo baya a cikin guntun don wai ya hau gangarsu daidai. Kalma ɗaya ce, Karime. Ni aka yi wa kaset ɗin, amma sunana ya tafi tare da sauran. Naki ne ya rage, kuma duk bayan sakan takwas za ta sake kiran ki. Don Allah ki amsa mata har da ni.

Ƙanwarki mai neman afuwa,
Shafa'atu