Kwanon Sabulun Babikir

Umdurman, ranar Litinin

Zuwa ga 'yata Sitana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da mijinki Tijani da yara, da duk mutanen Wad Madani. Ni ƙalau nake, ki daina tambayar direbobi labarina kamar wanda ya kwanta asibiti.

Na ji saƙonki cewa kin share mini ɗaki in dawo wurinku in huta. Allah ya yi miki albarka, amma ki zuba buhunan dawa a ciki. Shekara arba'in da ɗaya ina wanzanci a kan kujerar nan ta bakin ƙofa, ba yanzu zan tashi ba.

Abin da ya kawo surutu ba wani babba ba ne. Hashim, ɗan marigayi Awad abokin aikina, tun da ya gaji shagon ya shigo mana da kirim na aski, irin wanda ake matsawa kamar man goge baki. Wai sabuluna yana cin lokaci, mutane na jira a benci. Gaskiya ne kirim yana da sauri, ga ƙamshi, ko makaho ya shafa zai yi kumfa. Amma kumfar iska ce, kafin ka gama kunci ɗaya fanka ta busar da ɗayan. Sabulu kuwa sai ka jiƙa burushi a ruwan zafi, ka ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan, ka yi ta kaɗawa a kwano har ya yi kauri kamar kindirmo. A nan ne aska ke sulɓewa ba ta cizo. Ya ce, "Baffa, zamani ya wuce kwanon nan." Na ce masa zamanin ya zo ya zauna in yi masa gemu.

Ki gaida yaran.

Mahaifinki,
Babikir

Umdurman, ranar Alhamis

'Yata Sitana,

Bayan gaisuwa da fatan zazzaɓin ƙaramin ya sauka. Wannan takardar ki karanta ke kaɗai, kada Tijani ya gani.

Hashim ya ba ni zuwa Asabar, ko in kama kirim ko in bar masa kujerar. Yaron da na yi wa askin suna! Na yi masa dariya a gaban jama'a, amma da na koma gida ko kisira, wainar dawar nan tamu, ban iya ci ba.

Akwai abin da na ɓoye miki. Shekara biyu ke nan hannuna na dama yana rawa. Da safe in na ɗauki kofin shayi sai na tallafe shi da hagu. Amma in na kama burushi na yi ta kaɗa sabulu, kafin kumfa ta haɗu sai hannun ya yi ɗumi ya tsaya cak, in yi aski lafiya in gama. Kowane mutum ya zauna sai na sake sabuwar kumfa, suna cewa Babikir akwai tsafta. Da kirim babu wannan jinkirin, daga shafawa sai aska a wuyan mutum. Ina jin tsoro, Sitana. Ban taɓa fitar wa kowa jini ba, kuma ba na so in fara da tsufana.

Kada ki ce don haka in taho. Ba zan taho ba.

Mahaifinki,
Babikir

Umdurman, ranar Lahadi

'Yata Sitana,

Sallama da fatan alheri gare ku duka. Na san labari zai riga takardata zuwa, to ki ji daga bakina.

Jiya shago cike, na ce wa Hashim ya zauna da kansa, kunci ɗaya kirim, ɗaya sabulu, fatarsa ta yi alƙalanci. Girman kai ne ya kai ni, na yarda. Ya zauna yana murmushi ya ce a fara da kirim. Na shafa, na ɗaga aska, sai ga ta tana karkarwa a madubi, shi yana kallo ni ina kallo. Mutanen benci ma duk sun gani.

Na ajiye askar. Na goge masa kirim ɗin da tawul, na ɗauki kwanona na kaɗa a tsanake har hannun ya dawo nawa. Na aske shi tas, ko ƙwarzane babu. Ya shafa fuska. Daga baya ya ja ni gefe, da ladabi kam, ya ce yanzu ba maganar kirim ba ce, ba zai iya barin aska a hannuna cikin shagonsa ba. Ban zage shi ba, don in ni ne shi wataƙila haka zan ce. Na naɗe askata da burushi da kwano na fito.

Yau da safe na kafa kujerar gidanmu a ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke kallon shagon, na rataya madubin mahaifiyarki a jikin bishiyar. Na ce ko kowa bai zo ba zan zauna har azahar su gan ni. Wanda ya fara tsallako titi shi ne Alhaji Mirgani mai sayar da yadi, wanda nake yi wa gemu tun yana ango. Na ce masa, "Alhaji, jiya kana benci, ka ga hannun." Ya ɗaga haɓa ya rufe ido ya ce, "Shekara biyu muna ganinsa, kai kaɗai ka ɗauka sirri ne. Kaɗa sabulunka, ba sauri nake ba."

Na kaɗa, idona yana ta kawo ruwa, na ce masa hayaƙin mai shayi ne.

Na yi miki alkawari ɗaya. Ranar da kumfa ta haɗu hannun bai tsaya ba, da kaina zan ninke askar, a ranar zan hau mota in taho. Ni zan faɗi ranar, ba Hashim ba, ba kuma ke ba. Kafin nan ki bar dawar a ɗakin. In direba zai zo, ki aiko mini da sabulun aski mai tauri guda shida, kowane ɗaya wata huɗu yake yi mini.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Babikir