Tafasar Bakin Gonata

Asabar, 22 ga Yuni, 1985

Ruwa ya sauka, alhamdu lillahi, gero ya tsiro. Rumbu kuwa sai ƙura, farin bara bai bar mana komai ba. Ƙanena Iliyasu ya kwashe iyalinsa sun tafi Kano, wai in bi shi. In abinci ya yanke kafin gero ya nuna, dole mu bi shi. In bar gonar Baba? Ko tunanin ba na so.

Laraba, 10 ga Yuli

Mun yi faɗa da matata Hure. Ina noman firi na sheme tafasar da ta fito a kunyoyi, ta zo ta tarar ta yi yaushi a rana. Wai na kashe abincin mako guda. Na ce ciyawar da ko akuya ba ta kallo? Ni Khalilu, a ce gonata ta yi ciyawa, Sama'ilu maƙwabci ya samu abin dariya!

Ta ce, "Malam, dariyar Sama'ilu za ka ba 'yarmu Tani ta ci?"

Na bar mata layin bakin gona, don dai a zauna lafiya.

Lahadi, 14 ga Yuli

Kwaɗon tafasa da ɗan ƙuli. Warinta kamar me. Na dai cinye.

Juma'a, 2 ga Agusta

Tafasa safe, tafasa yamma. A tsinke kanta yau, jibi ta sake toho, abin mamaki. Ta hanya duk matan gari sun ƙwaƙule, tamu ce ta rage. Har matar Sama'ilu ta zo roƙo, Hure ta cika mata ƙwarya. Tani, autarmu, ta daina kwanciyar yunwa da rana, jiya har da tsalle a kududdufi.

Talata, 20 ga Agusta

Tafasa ta yi fure. Rawaya, ƙanana, layi guda tun daga gindin kukar gona har bakin hanya. Na ce wa Hure kai, ashe tana da kyau. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in ta yi fure ganyen ya tsufa ke nan, sai tauri. Gero kuwa yanzu yake bununi.

Ashe tun watan jiya Hure take shanya rabin abin da ta tsinka a bayan ɗaki. Buhu guda! Ban sani ba.

Alhamis, 5 ga Satumba

Mun gasa tumu. Tani ta ci har ta yi barci da zangarniya a hannu. Na aika wa Iliyasu cewa muna nan, ba inda za mu.

Litinin, 7 ga Oktoba

Tafasa ta bushe, 'ya'yanta sun fara fashewa. Sama'ilu ya zo da ashana, wai ya taya ni ƙone dattin nan. Na ce ya bari, bayana ke ciwo, sai wani satin.

Bayana lafiya lau. Iri dai ya gama zuba tukuna.