Zanen Gidanka da Lambun Inna

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali da yara? Mu nan Tsanyawa lafiya lau.

Mai zana maka gida ya zo da kwamfutarsa. Da farko layuka ne kawai a zanen, ba mu gane komai ba. Sai ya zuba launi, bango ja, shuka kore, tsakar gida ɗigo-ɗigo. Har yanzu ina mamakin yadda dannawa ɗaya take cika ɗaki!

Inna ta matso ta ce, "Ɗan nan, jan da ya hau koren nan, ba lambuna ba ne?" Ashe katangarka ta ci rabinsa. Mai zanen ya ce ana iya matsar da ita, amma ɗakin baƙi zai ragu.

Me ka gani? Inna ta hana haƙa fandisho sai ka yi magana.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙanwarka,
Ladi