Kada Ka Kai Goshi Ƙasa, Malam

Zuwa ga Malam, inuwar tsamiyata a tsakar bazara, sanyin randata, tauraron da nake dubawa in san gari ya kusa wayewa. Gaisuwa daga Yashe, tare da fushin da ya hana ni zama wuri ɗaya.

Ɗanmaliki, ƙanen miji, na san kai za ka karanta masa wannan takarda a Kano. Karanta duka, kada kunya ta sa ka tsallake ko wasali ɗaya.

Malam, labari ya iso ni. Tantanin da ke can ƙuryar idonka ya ɓamɓare, likita ya yi aiki ya manne shi, muka yi hamdala. Yanzu wurin ya kumbura, tsakiyar duk abin da ka kalla ta dushe, ƙyauren ɗaki ma a karkace kake ganinsa. An ba ka maganin ɗigawa sau huɗu a yini, an ce ka kwanta rigingine, kada ka sunkuya sai kumburin ya sace. Kai kuwa sau biyar kake saukowa daga gado kana kai goshi ƙasa, wai kada 'yan dubiya su ce malamin Yashe yana salla a kwance!

Wa kake yi wa sallar, Allah ko 'yan dubiya? Ba kai na ji ta bayan danga kana karantar da babin sallar mara lafiya ba? Ka ce wanda ya kasa ya yi da ishara. Ni na haddace, kai ka manta? Rangwamen da ka raba wa mutanen ƙasar Kusada kaf, kai ne ka fi ƙarfinsa?

Ka tuna kakar da ƙaiƙayin gero ya faɗa min ido a masussuka? Ka buɗe shi da yatsu biyu ka hura, ka ce ka ga kanka a ciki. Shekara ashirin da shida, ba ka fita ba. Tun tafiyarka nake ɗaukar tsintsiya in ajiye, in buɗe littafi in rufe, fura tana tsami a ƙwarya ban kula ba.

Idan makanta ce Allah ya ƙaddara, ni ce 'yar jagora, ba wanda zan miƙa wa sandar. Amma kada ka jawo ta da goshinka. Jibi zan hau motar gyaɗa daga Kankiya. Ni zan riƙa ɗiga maganin da hannuna, duk wanda ya tarar da kai a kwance ya buɗe baki, ni zan ba shi amsa.

Ina so ka ga furfurar da na yi bana, Malam. Kai ka jawo ta.

Taka, da ido ko babu, har ƙasa ta rufe nawa,
Haulatu