Tambayar da Likita Bai Yi Ba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Ya jikin Inna? Ki gaishe mini da maigidanki.

Ni lafiya lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kin san saboda ciwon zuciyar nan aka ɗora ni kan ƙwayar sa fitsari, don ta rage kumburi. Shekara biyu ina sha ba fashi. Sai ƙafafuna suka fara mutuwa, numfashi ya ƙara yi mini wuya. In na koma asibiti, likita ko ɗago kai ba ya yi, sai dai ya ƙara ƙwayar. A gidan wankin da nake aiki kuwa, shugabanmu ya tarar da ni na jingina da injin guga ina haki, ya ce, "Ragwanci ne, ba ciwo ba." Ya sallame ni.

Wata mai ba da magani ce ta dubi takardar maganina ta ce, "An taɓa auna miki bitamin B1? Ƙwayar nan kan fitar da shi cikin fitsari, rashinsa kuma yana ƙara raunana zuciya." Da aka auna, saura ƙiris ya ƙare. Tambaya ɗaya fa, Yaya!

Yanzu ina haɗa ƙwayar da bitamin, har bene nake hawa ba hutawa. Na koma neman aikina, na tarar da wata tsaye gaban injina.

Don Allah kada Inna ta ji. Ki ce mata hutu aka ba ni. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki