Fuskar Damisar Baba

Narok

Ƙanena Sankale,

Ina gaisuwa. Yara lafiya, shanu lafiya, ruwa ya sauka. Baba ne dai. Mun koma wurin likitan ido, ya ce ba yana ba ce balle a cire. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama ma da wuya ya kai ƙarshen damina. Da muka hau mota, Baba ya ce in rubuto maka. Yana son hoton damisar nan mai tsagen kunne, wadda ya yi shekaru yana kai baƙi kallo kafin ya bar maka tuƙi. Fuskarta yake so, kusa da kusa, ba ɗigon nan da ka saba ɗauko mana a kan bishiya ba. Ka aiko fim ɗin ta motar kayan abinci, ni zan kai a wanke. Kada ka zauna kana shawara da littafinka na kullum har lokaci ya wuce.

Yayarka,
Resiato

Sansanin Talek

Yaya Resiato,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya. Ki ce wa Baba na sunkuyar da kaina kamar yadda muke gaida manya, ya dafa ya sa mini albarka.

Na same ta. Tana bakin rafi, a wani tsagin dutse ƙarƙashin ɓaure. Ta tsufa, gashin bakinta ya yi fari, amma Yaya, tana da jariri. Guda ɗaya, ko tafiya bai iya sosai ba.

Bari in jera miki damuwata yadda na jera wa kaina. Kyamarata ba ta jawo abu daga nesa, dole sai na matsa da mota. Sannan kin san ƙa'idarmu ta direbobi: wanda ya ga damisa sai ya sanar a oba-oba, kowa ya kawo baƙinsa. Baba da kansa ya koya mini haka. To ban sanar ba. In motoci suka kewaye wurin za ta ɗauke jaririn ta fita fili da shi, kuraye kuwa sun yi yawa bana. Don haka ni kaɗai nake zuwa, da rana tsaka, lokacin da baƙi ke hutawa.

Abokin aikina Kiprono ya fara zargi. Jiya a wurin shan shayi, gaban kowa, ya kira ni da sunan tsokanar da suka sa mini saboda littafina, ya ce, "Akawu, wace budurwa ka ɓoye a rafin nan? In ta fi ƙarfinka ka faɗa, mu taimaka." Na ce ciwon ciki ke kai ni. Dariyar da aka yi mini ba ta da daɗin ji.

Ban sani ba ko daidai nake yi. Kada ki gaya wa Baba na karya ƙa'ida.

Ƙanenki,
Sankale

Narok

Sankale,

Gaisuwa. Wasiƙarka gaba ɗaya na karanta masa, ba ni da lokacin tsallake layi. Ya yi dariyar ciwon cikin har ya ƙware. Maganar oba-oba kuwa ya tsallake ta, sai tambaya ya yi ko jaririn ya biyo kunnen uwarsa. Yanzu da hannu yake laluben kofin shayinsa. Ka hanzarta.

Resiato

Sansanin Talek

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da yara. Ga fim nan, amma ki karanta wannan kafin ki kai a wanke.

Kullum ina ƙara matsawa kaɗan, in kashe mota, in zauna ba motsi. Da fari ko inuwarta ba na gani. Daga baya ta fara leƙowa ta koma. Shekaranjiya ta fito gaba ɗaya, ta hau kan dutsen, kusa da ni har ina jin numfashinta, ina ganin ƙudan da ke bin tsagen kunnen. Jaririn ya biyo ta ya kama nono. Na tsaya gyara kyamara, kin san ni, sai na duba komai sau biyu. Kafin in ɗaga ta, damisar ta ɗora haɓa a kan ƙafa ta rufe ido.

Kowane direba ya san abin yi a nan. A tayar da mota a ɗan taka, ko a ƙwanƙwasa ƙofa, sai ta ɗago ta zuba maka ido, ka ɗauka. Baƙi ba sa son damisa mai rufaffen ido, ni ma na sha yi musu haka. Hannuna yana kan makulli. Na tuna Baba da kofinsa. Na kalli jaririn, shi ma barci ya kwashe shi da nono a baki. Na kasa, Yaya. Haka na ɗauke ta tana barci, har fim ya ƙare.

Jiya na koma da sabon fim, ba ta nan. Sawunta ya haura rafi, ba alamar kura, ina jin ta sauya maɓoya ne kawai. Neman ta zai ɗauki lokacin da ba mu da shi.

Fuska ya roƙa, na aiko masa abin da ba ido a ciki. Ki ba shi haƙuri. Ko ki ce fim ɗin ya ƙone, in kin ga hakan ya fi.

Ƙanenki,
Sankale

Narok

Sankale,

Ina gaisuwa. Ba abin da ya ƙone. Na sa an wanke babba, muka fitar da Baba rana. Ya kai hoton dab da idon dama, ya daɗe yana bi a hankali har ya samu kunnen. Ya tambaya ko idonsa ne, ko kuwa da gaske barci take. Na ce barci take, na fara ba shi haƙurin da ka ce. Ya katse ni.

Ya ce, "Duk shekarun da na yi ina bin ta, ba ta taɓa rufe ido biyu ina wurin ba. Da jariri a jikinta kuma. Wannan fuskar ban taɓa gani ba."

Sai ya ajiye hoton a cinya, ya ɗora tafin hannunsa a kai. Na ce, Baba, damisa kake dafawa? Ya ce a'a, mai motar.

Ka zo gida.

Yayarka,
Resiato