Kamshaf ɗin Alhaji Buba

Laraba da dare, Mayo Gwoi

Yau na gama ɗaura sabon kamshaf, wato sandar ƙarfen da ke buɗe bawul-bawul, a injin a-kori-kurar Alhaji Buba, kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Tun ranar da ya kawo shi gareji na ce masa wannan na motar tsere ne, ba na motar lodi ba. Na nuna masa irin na kamfani, ya ture shi da ƙafa. Ya ce, "Malam Iliya, ƙarfi nake so. Kowa wuce mu yake yi a hanyar Gembu."

Na saita taimin, na daidaita bawul, muka tayar da motar. In an ba ta wuta sai ruri, amma a tsaye karkarwa take kamar mai zazzaɓi. Da na zaga da ita ta unguwar Majidaɗi na taka birki, sai na ji ya yi tauri kamar dutse, don injin ya daina zuƙo wa birkin isasshiyar iska. Da ƙyar na tsaya, gab da wata mai gasa masara.

Na ce wa Alhaji a mayar da tsohon. Dariya ya yi, ya karɓi makullinsa.

Ƙanena Sale ne direban, shi zai sauko daga dutsen Mambila da kaya jibi. Bayan magariba na je gidansa na roƙe shi kada ya tafi. Ya ce, "Yaya, in na ƙi, wani zai ba motar. Ga matata Hauwa ta kusa haihuwa."

Na kasa cin abinci. Kowane noti a injin nan da hannuna na ɗaure shi.